Madubin Yaya Za'al

Duk ƙauyenmu babu wanda bai san taurin kan yayana Za'al ba, amma ni Fidda ni ce nake ɗauke da nauyinsa, domin tumakina talatin da ɗaya suna cikin garkensa tun ranar da mijina ya rasu. Inda ya juya nan suke juyawa. In ya ce a zauna, ko ciyawa ta fito daga bakin ƙauye har garin Ma'an, zama za a yi.

Ya ba ni shekara goma sha biyu. A tantin gashi aka haife shi, kafin a gina mana waɗannan gidaje na bulo, kuma yana ɗan shekara bakwai mahaifinmu ya miƙa masa sanda. Da ya kai ashirin ya shiga aikin tsaron iyaka, ya shekara ashirin da biyu yana tuƙa tankar ruwa daga wannan sansani zuwa wancan. Bai taɓa harba bindiga a kan kowa ba, bai kuma taɓa samun ƙarin girma ba, saboda bakinsa. Ranar da ya dawo gida, abin da ya zo da shi bargo biyu ne, da ciwon baya, da wani madubin hangen nesa mai ido biyu da ya saya a kasuwar gwanjo ta Zarƙa. Fatar jikin madubin duk ta ɓare, igiyarsa kuma ta tsinke, matarsa Wadha ta saƙa masa wata da gashin akuya. Maza suna kiransa Abu Sattam, da sunan ɗansa da yake aiki a tashar jirgin ruwa ta Aƙaba. Ni dai Yaya nake ce masa, in raina ya ɓaci kuma in ce Za'al tsirara.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai san kalanda ba, sama yake karantawa. Kowane wata akwai dare guda da wata yake zuwa ya kwana kusa da Surayya, tarin ƙananan taurarin nan, kuma daren yana matsowa gaba da kwana bibbiyu. In suka haɗu a daren sha ɗaya ga wata, sanyi ya kunno kai. Daren tara, sanyi mai harbi. Daren bakwai, wani garken da yunwa wani da ƙoshi. Daren biyar, ciyawa ta rufe ƙasa, a tashi a bi ta. Daren uku kuwa ta juya baya ke nan. Muna yara waƙa muke yi da wannan, kowa ya haddace.

Abin da ya bambanta gidanmu shi ne rantsuwar mahaifinmu. Wata shekara ƙaninsa, baffa Mut'ib, ya yi lissafi da yatsu yana zaune a tanti, bai fita ya duba ba. Ashe ya tsallake wata guda. Ya tashi da garke zuwa gabas, ƙanƙara ta riske su a fili, 'ya'yan tumaki sittin suka ƙandare kafin gari ya waye. Daga ranar mahaifinmu ya rantse cewa garken gidanmu ba zai sake motsawa da lissafi ba, sai ido ya ga wata da Surayya a daren biyar. Gani ya kori ji, in ji shi. Za'al ya gaji rantsuwar kamar yadda ya gaji sandar, ya kuma ƙara mata madubi.

Duk wata, a daren haɗuwa, da an sallame magariba sai ya rataya madubinsa ya hau tudun da yake bayan gidajenmu. Can a baya Wadha, da butar shayinta shuɗiya da kofuna biyu a cikin zane. Shekara da shekaru ina yi mata tsiya.

"Ke Wadha, mace da jikoki, kina bin namiji tudu kamar amarya? In yana son shayi ba shi da ƙafar saukowa?"

Takan yi dariya ta ce, "Shayi kawai nake kai masa, Fidda."

Ba ta taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kan haka ba. Da sanyin bana ya fara shigowa, ta kwanta kwana huɗu da ciwon ƙirji, ta tafi. Na yi kukanta fiye da yadda na yi tsammani, domin ita kaɗai ce take iya sa yayana ya canza magana ba tare da ya gane an sa shi ba.

Daga nan abubuwa suka fara cakuɗewa. Daren sha ɗaya ya hau tudu shi kaɗai, ya sauko ya ce gajimare. Ni ban ga gajimare ba, amma na ce mai takaba a zuci ne, a bar shi. Daren tara ya sauko yana masifa, wai fitilun nan masu aiki da hasken rana da aka kafa mana a titi su ne suka kashe sama. Washegari na fito na tarar da shi a kan tsani, tsoho mai shekara saba'in da ciwon baya, yana lulluɓe fitilar ƙofar gidanmu da buhun sha'ir. Sai da mai unguwa ya zo da kansa.

"Abu Sattam, shekara tara muna rubuta takarda kafin a ba mu fitilun nan, kai kuma ka sa musu hula?"

"Wa ya ce muku muna son rana da daddare? Wanda yake tsoron duhu ya koma birni."

Daren bakwai kuma madubin ne ya yi laifi, wai ƙura ta shiga cikinsa. Ya kwance shi gaba ɗaya a kan tabarma, ya goge da gefen rawaninsa, ƙusa biyu suka ɓace, ni na tsinto masa su. A kwanakin nan ne ya zuba shayi a gefen kofi har ya jiƙa tabarma, ya kuma yi wa gangar man dizal sallama da yamma yana zaton maƙwabcinmu Mifli ne. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ba matan ƙauye labari a wurin gasa gurasa. Na ɗauka baƙin ciki ne ya ɗauke masa hankali.

Bana kuwa ruwa ya sauka da wuri. Tun kafin daren bakwai labari ya zo cewa kwarin Tarfa ya yi kore. Mifli, maƙwabcinmu mai babbar mota, ya kwashe garkensa ya kai, ya dawo ya kwashe na wasu gida uku. Namu suna nan a shinge suna cin sha'ir da dusa, uwaye sun rame, nono ya ja baya, 'ya'ya suna bin su suna kuka. Ni kuwa da nonon nan nake yin jamid, busasshen kindirmon da nake ci da shi shekara guda. In ciyawa ta wuce mu, ba jamid, kuma rabin 'ya'yan ba za su kai zafi ba.

Mifli ya zo har gida, yana kaɗa wayarsa.

"Abu Sattam, ka taimaki kanka. Ga shi nan a waya, sanyi ya ƙare, kwana goma masu zuwa ko ɗigon ƙanƙara babu."

"Wayarka ta taɓa kiwon tunkiya?"

"Ba ta taɓa ba, amma tumakin mai wayar sun ƙoshi."

"To Allah ya ƙara musu. Ni sai daren biyar."

Na shiga tsakani na ce, "Yaya, biyu daga cikin 'ya'yan tumakina sun mutu jiya. Baffa Mut'ib ya yi shekara hamsin a kabari, har yanzu shi yake kiwon garkenmu?"

Ya ce, "Ke Fidda, da baki ne yake tatsar nono, da ke kika fi kowa jamid a ƙasar nan."

Na tashi na bar musu wurin don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Na je bayan shinge na zagi tunkiyar da ba ta yi mini komai ba. Na kira Sattam a Aƙaba, ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, kin san Baba." Na ce na san shi tun kafin a haife ka, abin da ya dame ni ke nan. Kwana goma sha ɗaya na yi ina ƙirga dare, ina raba ruwan dusa da cokali ga 'ya'yan da uwayensu suka ƙi.

Daren biyar ya zo. Na riga na yi magana da Mifli ya kwana da motarsa a ƙauye, na ɗaure tanti da tukwane, na toya gurasar hanya. Sama kuwa tas, kamar an wanke ta. Aka yi magariba, Yaya ya rataya madubi ya hau tudu. Na zauna a ƙofar gida ina jiran ya ɗaga murya kamar yadda ya saba. Shiru. Duhu ya gama sauka, shiru. Wata yana ta gangarawa yamma, shi kuma ina hango inuwarsa a kan dutse ko motsi babu. Da na ji ladan yana gyaran murya don isha'i, sai na ja mayafina na hau. Rabona da tudun nan tun ina budurwa, gwiwoyina suna ƙara, ina hawa ina shirya maganganun da zan yayyafa masa.

Na same shi zaune, madubin a kan cinyarsa.

"Yaya, me ake ciki? Mota tana jira."

"Ki ce wa Mifli ya tafi. Ban gani ba."

"Ba ka ga me ba?"

"Akwai ƙura a sama."

"Wace ƙura? Za'al, ka ji tsoron Allah! Wace ƙura?"

"Na ce ban gani ba. Sai wata mai zuwa."

Wata mai zuwa daren uku ke nan, lokacin da ciyawa ta juya baya. Na ɗaga kai, na nuna da hannu, ina ihu kamar mahaukaciya.

"Ga ta can! Ga ta can a gefen wata kamar an watsa gishiri! Ni da ban taɓa damuwa da ita ba ina ganinta da idona, kai da madubi ka ce ƙura?"

Bai mayar mini da masifa ba. Ya ɗaga fuska wajen da wata yake, ya daɗe, sannan ya yi tambaya da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Dama take ko hagu?"

Hannuna yana miƙe a gaban fuskarsa, bai bi shi da ido ba. Mutumin da ya nuna wa rabin ƙauyen nan Surayya, shi yake tambayata dama ko hagu. Na tuna shayin da ya zube, na tuna gangar dizal da dariyar da na yi a wurin gurasa. Na zauna a ƙasa kusa da shi.

"Tun yaushe?"

"Shekara uku. Watan ma kamar fitila a bayan zane nake ganinsa. Taurari kuwa babu ko ɗaya."

"To bara fa? Da bara waccan? Kai ka sauko ka ce a tashi."

"Wadha ce take dubawa. Ni in riƙe kofi, ita ta riƙe madubi. Ta faɗa mini, in yi mata tambayoyi, in na gamsu mu sauko."

Shekara da shekaru ina yi wa matar nan tsiya a gaban mata, tana ba ni amsa ɗaya tana dariya. Kunya ta kama ni, haushi kuma ya biyo bayanta, domin ni haka nake, ba na iya yin ɗaya ban yi ɗayan ba.

"Da ban hau ba fa? Wata guda za ka ƙara tsare mu a shinge har su ƙare?"

"Ba zan ce na gani ba alhali ban gani ba, na yi wa Baba alkawari. Ba zan kuma tsaya a ƙofar masallaci in ce Abu Sattam ya makance ba, Mifli ya ja ni da sanda." Ya shafa igiyar gashin akuyan nan. "Ban san abin da zan yi ba, Fidda. Zama kawai na yi."

Tunda nake ban taɓa jin yayana ya ce bai san abin da zai yi ba. Na fizge madubin daga cinyarsa, don in ban yi wani abu da hannuna ba kuka zan yi.

"Kawo nan. Ta ina ake dubawa?"

Nan take ya koma Za'al ɗinsa.

"Ba ta nan ba, kin juya shi! Ƙananan idanun su ne naki. Ɗora gwiwar hannu a kan dutse. Kin ɗora? Ki daina numfashi kamar jaka."

"Ba na ganin komai sai baƙi."

"Matse shi daidai idonki. Nemo wata tukuna. Kin samu? To kada ki sa shi a tsakiya, haskensa zai cinye su. Tura shi gefe, ki bar shi a bakin da'ira."

Wata ya yi ta rawa a idona, ya fita ya dawo, na zagi madubin, na zagi wanda ya sayar da shi a Zarƙa. Sai can hannuna ya tsaya. Na ga lauje mai haske da ramuka a bakinsa, ragowar jikin watan kuma yana nan a dushe kamar toka. A gefensa ga su nan. Gishirin da nake gani da ido ashe kaza ce da 'ya'yanta, manya shida ko bakwai masu shuɗin haske, ƙanana kuma birjik a tsakaninsu. Shekarata hamsin da takwas a ƙarƙashin abin nan ban taɓa sanin haka yake ba.

"Yi magana mana! Dama ko hagu?"

"Dama. Sama kaɗan."

"Sauke madubin. Miƙe hannu har ƙarshe, rufe ido ɗaya. Yatsu nawa tsakaninsu?"

"Uku. A'a, biyu."

"Uku ko biyu? Garke za a tayar da maganar nan, ba gurasa ake ƙirgawa ba."

"Biyu, na ce!"

"Taurari nawa kika gani a ciki?"

Na mayar da madubin na ƙirga. "Sha huɗu."

"Sha huɗu? Wadha ashirin da biyu take samu."

"To ka tashe ta ta ƙirga maka!"

Maganar ta fita kafin in kama ta. Na yi tsammanin zai tashi ya bar ni, amma sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ba ta da nisa da kuka. Ya ce, "Ko shayi ba ki kawo ba." Muka sauko, hannunsa a kan kafaɗata har gindin tudu. Da muka iso inda hasken fitila yake kaiwa sai ya janye shi, ya gyara rawani, ya wuce gaba.

Maza suna fitowa daga isha'i ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce, "Wata ya kwana da Surayya, yatsu biyu tsakaninsu. Mifli, da asuba." Mifli ya ce, "Wayata ta faɗa tun makon jiya." Yaya ya ce, "To ka ba ta sanda ta yi maka kiwo." Babu wanda ya tambaye shi komai.

Mun isa kwarin Tarfa da hantsi. Bakin kwarin duk garken Mifli da na sauran sun share shi, sai da muka shige can ciki inda ruwa yake da nisa. Ɗan tunkiya ɗaya ya mutu a mota. Sauran suka rayu, kwana tara nono ya dawo. Jamid ɗin bana bai kai rabin na bara ba, kuma duk wanda ya tambaye ni dalili ina ce masa taurin kan yayana ne, wanda ba ƙarya ba ne.

Na matsa wa Sattam ya zo ya kai shi asibiti a Aƙaba. Likita ya ce ido ɗaya yanar ido ce ta rufe shi, ana iya cirewa, ɗayan kuwa an makara. Yaya ya ce sai an yi sausayar tumaki, wato askin gashinsu. Na san in an yi sausaya zai ce sai an sayar da raguna. Kullum sai mun yi faɗa a kan wannan, kuma ban fasa ba, shi ma bai fasa ba.

Da daren uku ya zagayo muna can a kwari. Aka yi magariba, ya rataya madubi ya nufi wani ɗan tudu a bayan tantuna, yana tafe a hankali yana taɓa ƙasa da sanda kamar mai neman wani abu da ya yar. Na ɗauko butar nan shuɗiya, na ɗaure kofuna biyu a zane, na bi bayansa. Nofa matar Mifli tana tatsa a bakin shingensu, ta ɗago ta gan ni.

"Lale! Fidda, ke ce? Ke da kika hana Wadha sakat shekara da shekaru, yau ke kike bin tsoho tudu? Me kuke yi a can ne?"

Na buɗe baki da niyyar in wanke ta tas, don ina da abin faɗa a kan mijinta da wayarsa. Sai na hango Yaya ya tsaya a gindin tudun, inda duwatsu suka fara, yana gyara igiyar madubi da ba ta buƙatar gyara.

Na ce, "Shayi kawai nake kai masa, Nofa."